Wilf Garside da Ɗansa Mai Jifan Ƙwallo

Shekara talatin da ɗaya na yi ina sayar da jaridu a shagon da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ta Harnthorpe, kuma da wuya in buɗe ƙofa da safe ban tarar da Wilf Garside tsaye da hularsa ba. Ma'aikacin jirgin ƙasa ne, shi ke zama a ɗan benen nan na bakin dogo yana jan ƙarafan da ke canja wa jirage hanya. Dogo ne siriri, magana ba ta dame shi ba. Ba ruwansa da shafin farko na jarida, ko da yaƙi aka fara. Yana karɓa sai ya kifa ta a kan kantata, ya buɗe shafin kurket, wasan nan da wani ke jefa ƙwallo wani ya buge ta da sanda, ya bi sunayen 'yan wasan kulob ɗin gundumarmu da ɗan yatsa. A nan kaɗai bakinsa ke buɗewa.

"Doreen, kin ga tsohon da suka ɗauko mana? Shekararsa talatin da bakwai fa. Gudu ma sai an tura shi."

"To ka rubuta musu mana, Wilf, su ba ka shugabancin ka huta."

"Na rubuta. Sau biyu."

Duk watan Nuwamba, in jadawalin wasannin baɗi ya fito, yakan kwafe shi da fensir ya liƙa a bayan ƙofar kicin, sannan ya bi abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya yana roƙon musayar ranakun aiki. Matarsa Enid takan ce ko ranar aurensu sai da ya duba jadawali kafin ya amsa wa limamin coci.

Ɗa ɗaya Allah ya ba su, Neville. Wilf ne ya koya masa jifan ƙwallo a lungun bayan gidajensu, har tagogin maƙwabta suka gaji da fashewa. Neville ya taso da ƙarfin kafaɗa, jifansa kamar harsashi. A 1974, yana da shekara goma sha tara, kulob ɗin ya ɗauke shi. Ranar da sunansa ya fito, jarida goma sha biyu Wilf ya saya. Ya tsaya a ƙofar shago yana tare masu wucewa, har waɗanda bai taɓa gaisarwa ba, yana nuna musu layin. Ranar na fara sanin yana da wushirya.

Kakar wasa uku Neville ya yi. Wasa goma sha huɗu ya buga da manyan 'yan wasa, a ɗaya ma jifansa ya fitar da masu bugu biyar daga wasa kafin hutun shayi. Daga nan bayansa ya fara ciwo. Ya yi jinya, ya dawo, ciwon ya dawo tare da shi.

Wata safiya a Satumbar 1977 na kwance ƙullin jaridu, idona ya faɗa kan wani ɗan guntun labari a ƙasan shafi: kulob ya sallami 'yan wasa huɗu. Sunan Neville ne na uku. Ban gama tunanin inda zan ɓoye jaridun ba Wilf ya shigo. Na gane daga yadda ya gaishe ni cewa bai sani ba. Ashe tun mako guda aka faɗa wa Neville, ya kasa faɗa wa mahaifinsa. Wilf ya karanta a kan kantata. Yatsansa ya tsaya a wurin ya daɗe. Ya naɗe jaridar, ya fita.

Abin da ya faru a gida, Enid ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce suna zaune suna cin abinci, Wilf ya ajiye cokali ya ce, "Da ka gyara yadda kake dira ƙafar hagun nan kamar yadda na sha faɗa maka, da bayanka bai lalace ba." Iyakar abin da ya ce da ɗansa ke nan. Neville ya sunkuyar da kai ya ci gaba da cin dankalinsa.

Da Nuwamba ta zo, Wilf ya sabunta katinsa na ɗan kulob, ya kwafe jadawali ya liƙa a bayan ƙofa kamar kullum. Neville ya shigo ya gani.

"Baba, mutanen nan sun yar da ni kamar tsumma, kai kuma kana liƙa ranakunsu a cikin gidanmu?"

"Tun kafin a haife ka nake bin kulob ɗin nan."

"To ka riƙe abinka."

Cikin makon ya tattara kayansa ya tafi Hull. Ya yi dako a tashar jiragen ruwa duk da ciwon bayan, daga baya ya koma tuƙin babbar mota. Ya yi aure, ya haifi 'ya mace. Duk Kirsimeti yakan aiko wa mahaifiyarsa kati, sunanta kaɗai a bayan ambulan. Da Enid ta rasu a 1989 ya zo jana'iza, ya tsaya a ɗaya gefen kabarin, ya tafi ko shayi bai sha ba.

Mutanen gari sun ga laifin Wilf, ni ma na gani. Amma wata rana, shago babu kowa, ya ce min ba tare da ya ɗago daga jarida ba, "Na gwada barin kulob ɗin, Doreen. Kaka ɗaya cur ban je fili ba. Sai in tsinci kaina a tsaye a ƙofar mai gyaran rediyo ina sauraro kamar ɓarawo." Na ce, "To ɗauki waya ka faɗa masa haka mana." Ya ce, "In ce masa me? Ban iya irin maganar nan ba."

A Afrilun 2001 wayar shagon ta yi ƙara. Pauline ce, matar Neville. Ta ce ta yi ta kiran gidan tsohon ba ya ɗauka. Neville yana asibiti, ciwon daji a huhu, likitoci sun ce saura makonni. Ta ce shi bai san ta kira ba.

Ina ajiye wayar Wilf ya shigo. Shekararsa saba'in da biyar a lokacin, ya daɗe da yin ritaya. Jakarsa na rataye a kafaɗa, da filas ɗin shayi da burodi da cuku, domin ranar ake buɗe kakar wasa. Na faɗa masa. Ya dafa kantata ya ce, "Yau ne wasan farko." Na san ba wasan yake nufi ba, tsoro ne ya kama shi, amma raina ya ɓaci.

"Wilf Garside, in ka hau motar filin nan yau, kar ka ƙara tako min shago."

Na rufe shagon da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba, na raka shi wurin ɗansa. Har muka isa Hull bai buɗe filas ɗin ba.

Da kyar na gane Neville. Kafaɗun nan duk sun zube. Pauline ta jawo wa tsohon kujera, ni da ita muka koma bakin taga. Uba da ɗa suka zauna kowa na kallon bargo. Sai Neville ya yi gyaran murya.

"Wa suka sa ya fara jifa yau?"

Wilf ya faɗi sunan.

"Wannan? Ba shi da sauri. Ɗan arewan nan da suka ɗauko a watan Janairu ya kamata su sa."

"Ina ka san shi?"

Pauline ta ce daga inda muke, "Baba, ɗanka fa ba ya fita aiki sai ya karanta labarin kulob ɗin nan. Shekara ashirin ina sharar jaridunsa daga cikin mota."

Nan gardama ta ɓarke. Suka yi ta yi, wa ya dace da kyaftin, wa ya kamata a sallama, Neville na tari yana cewa, "Kai Baba, har yanzu ba ka san komai ba," Wilf na cewa, "Ji min yaro." Sai da ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce su rage murya. Da suka lafa, Wilf ya murza hularsa a hannu ya ce, "Maganar ƙafar nan da na yi maka..."

"Gaskiya ka faɗa, Baba. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan."

Wilf ya kifa fuskarsa a gefen gadon. Ban taɓa jin kukan namiji irin wannan ba. Neville ya ɗora hannu a kan furfurarsa, muka fita muka bar su.

Ni kaɗai na dawo Harnthorpe. Wilf ya kama ɗaki kusa da asibitin, kullum yana can tun safe da jarida da ɗan ƙaramin rediyo. Kwana goma sha tara suka samu. Neville ya rasu yana da shekara arba'in da shida.

Bayan nan Wilf ya ci gaba da zuwa shago, amma sai ya karɓi jarida ya sa a hammata ya wuce. Bai ƙara zagin kowa a kan kantata ba, kuma na yi kewar zagin. Ƙafafunsa suka yi rauni, idonsa ya dushe. Ya rasu a watan Fabrairun 2003, a kujerarsa, maƙwabciyarsa ce ta same shi.

Mu tara ne a wurin jana'izar, ana ruwa. Da aka gama, Lorna, 'yar Neville, budurwa mai tsayin kakanta, ta biyo ni har bakin ƙofar maƙabarta. Ta ce mahaifinta bai taɓa ba ta labarin wasansa ba, ko hoto ɗaya bai ajiye ba. Ta ce, "Ke da kika san su duka, da gaske ya iya jifan?"

Na so in yi mata ƙarya, na kasa. Na ce mata ni ban taɓa taka filin nan ba, kullum ina shago. Waɗanda suka gan shi da idonsu, yawancinsu suna kwance a bayanmu. Amma na san wani tsohon mai gadin fili da ke raye a gidan tsofaffi na garin gaba, na rubuta mata sunansa a bayan takardar addu'ar jana'izar. Ta sa a aljihu, ta yi godiya, ta ruga don kar jirgin ƙarfe huɗu ya bar ta.