Tsinken da Na Soka a Buhun Geron Malam Tukur

Shekaru sun ɗan ja, kuma littafin da nake rubuta abubuwan da na gani a wancan lokaci ruwan sama ya taɓa shi har wasu shafuka sun manne, saboda haka mai yiwuwa na haɗa wata rana da wata. Amma ranar da na soka tsinke a buhun geron wani bawan Allah a layin 'yan hatsi, ita kam ba ta fita raina ba. Sababbin ma'aikatanmu sun sha tambayata abin da ya sa nake hana su gaggawar raba takardar tambayoyi, shi ya sa na ga gara in rubuta.

Ga wanda bai san sashenmu ba, mu ba ma ƙera komai. Aikinmu a jami'a shi ne nazarin abin da ke faruwa tsakanin kimiyya da fasaha da mutanen da aka yi su dominsu: wa ya karɓa, wa ya ƙi, kuma me ya sa. Wasu a tsangayar injiniya 'yan kallo suke kiranmu. An ɗauke ni mataimakiyar mai bincike, wato matakin ƙasa, jim kaɗan bayan na gama hidimar ƙasa, kuma ɗaukar ta gwaji ce ta shekara guda. A ƙarshen shekarar mutum zai gabatar da rahoto gaban kwamitin bincike. In sun karɓa a tabbatar masa da aiki, in sun ƙi ya kama gabansa. Mahaifina, malamin makaranta da ya zo Sakkwato daga Filato tun ba a haife ni ba, ya riga ya gaya wa duk 'yan cocinmu a unguwar Arkilla cewa 'yarsa Rifkatu ma'aikaciyar jami'a ce. Ni kuwa na san ban zama ba tukuna.

Aikin da aka ba ni kamar mai sauƙi ne. Injiniya Kabiru, babban malami a tsangayar injiniya, ya ƙera wata na'ura mai auna laimar hatsi. Akwati ce ƙarama mai tsinken ƙarfe, a soka tsinken cikin buhu, lamba ta fito ta nuna ko hatsin ya bushe. Amfaninta a fili yake, domin geron da aka ajiye da laima fumfuna yake yi. An raba guda goma sha biyu, ko sha biyar, kyauta ga manyan 'yan hatsi. Ni aka tura bayan kaka in ji yadda suka same ta.

Na yi abin da aka koya mini. Na tsara takardar tambayoyi, mai kula da aikina Dakta Sa'adu ya duba, na nemi izinin shugaban 'yan hatsi, sannan na bi rumfa-rumfa. Kowa ya ce madalla. Tana aiki? Ƙwarai. Tana da wahala? Ko kusa. Cikin sati biyu na gama, Injiniya Kabiru ya ga takardun ya yi murna, har ya fara maganar ƙera wasu.

Abin da ya hana ni sakat shi ne abin da na hango a rumfar Alhaji Ummaru, wani dattijo ɗan Unguwar Rogo da ya fi kowa yabon na'urar. Ina tattara takarduna sai na ga kwalinta a saman tarin buhuna, ledar da aka naɗe shi da ita ko yagewa ba ta yi ba. Kwana uku ina juya abin. Na ce ko an ba shi biyu ne, ko ya sake naɗewa don ƙura. Daga ƙarshe na je ofishin Dakta Sa'adu na faɗa masa, ina ta ba da haƙuri kamar ni na naɗe kwalin. Ya saurara, ya ce in ajiye takarda da biro in koma in zauna kawai. A sana'armu wannan shi ne zama da lura: ba ka tambaya, kana nan dai har mutane su saba da kai su ci gaba da harkarsu. Ya kuma gargaɗe ni cewa Injiniya Kabiru ɗan kwamitin ne, don haka duk abin da zan kawo in tabbatar na gan shi da idona.

Haka na riƙa hawa keke daga Arkilla kowace safiya, in zauna kan benci a rumfar Alhaji Ummaru. Ya ce wa maƙwabtansa gwamnati ta turo masa mai gadi. Kusan sati uku na yi ban ga wanda ya taɓa na'ura ba, a rumfarsa ko ta wani. Abin da na gani shi ne, mai kaya zai sauke buhu, a gaisa, a tambayi gida da gona, cikin gaisuwar Alhaji ya zura hannu ya ɗebo 'yan ƙwayoyi ya jefa baki ya ciza. Na rubuta hakan sau da yawa ban gane muhimmancinsa ba.

Ranar da nake magana, ina jin Laraba ce, wani manomi mai suna Malam Tukur ya kawo gero. Alhaji ya tashi ya je ɗauko masa tabarma. Ni kuma zuciyata ta raya mini cewa wataƙila ba su iya kunna na'urar ba ne suke jin nauyin faɗa. Ina da tawa a jaka. Na fito da ita, na ce bari in taimaka, na soka tsinken a buhun da ke kusa da ni. Ta yi ƙara, lamba ta fito, na karanta da ƙarfi na ce akwai sauran laima kaɗan. Mutum uku ko huɗu na rumfar kusa suka juyo.

Malam Tukur bai kalle ni ba. Ya sunkuya ya fara ɗaure bakin buhun da ya kwance. Da Alhaji ya dawo sai ya ce masa, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Alhaji, yaushe munka fara hakanga da kai? Shekara nawa ina kawo maka kaya?"

Alhaji ya jefar da tabarmar ya kama hannunsa. Ya rantse ba shi ya sa ni ba, ya ce 'yar makaranta ce, karatu ya yi mata yawa. Ya daɗe yana lallashi kafin Malam Tukur ya yarda ya zauna. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Na durƙusa na ba Malam Tukur haƙuri, ya ce ba komai, irin ba komai ɗin da ka san akwai.

Bayan ya tafi na zaci kora ta za a yi. Sai Alhaji ya miƙo mini ruwa ya ce, "Ɗiyata, ƙarfen ga naku ba shi ƙarya. Amma kuma ba shi da kunya."

Ya bayyana mini cewa shi ma ya san geron da laima, tun daga yadda buhun ya zauna. Da na bari, zai ciza ne cikin gaisuwa, ya ce bana rana ta yi rowa, a ƙara shanya shi kwana biyu a bayan rumfa. Laifi ya tafi kan rana, babu wanda ya ji kunya. Amma ka soka wa mutum ƙarfe a kaya gaban jama'a, ka ce masa maƙaryaci ke nan ba tare da ka buɗe baki ba. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi to me ya sa ya ce mini tana da kyau. Ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"An kawo maka kyauta har rumfa, sannan an aiko ɗiyar mutane da takarda cikin rana. Ka ce mata abin banza ne? Wa ya haife ka?"

Daga nan ya ƙara wata magana da ta zama ƙashin bayan rahotona. Ya ce da a hannun mai kaya na'urar take, ya auna abinsa a gida kafin ya ɗauro, da shi da kansa zai yi ta godiya.

Sauran watannin na bi rumfunan ɗaya bayan ɗaya, ba da takarda ba. Da suka ji labarin abin da na yi, bakinsu ya buɗe, domin kowa yana so ya tsokane ni. Ba zan ce dukansu dalili ɗaya suka bayar ba, akwai wanda ya ce batir ne ya ƙare. Amma mafi yawa maganar Alhaji suka maimaita da kalmominsu. Na roƙi aron kwalayen da ba a buɗe ba, mutum biyar suka ba ni, da sharaɗin ba zan faɗi sunansu ba kuma zan mayar, tunda kyauta ce. Da na kai wa Dakta Sa'adu rahoton, ya bi ya soke "mai yiwuwa" da "kamar dai" har bironsa ya gaji. Ya ce in bar su inda nake shakka da gaske, in cire su inda tsoro ne kawai.

Ranar kwamiti ta zo. Na karanta rahoton, har da kuskurena, ban ɓoye ba. Ina gamawa Injiniya Kabiru ya ɗaga takardun tambayoyin nan na farko.

"Malama Rifkatu, waɗannan ni na cika su ko ke?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"To yaushe kika yi mana ƙarya, da ko yanzu?"

Aka yi 'yar dariya. Na dubi Dakta Sa'adu, ya kafa idonsa kan tebur, na gane ba mai ceto na. Na ce, "Ban yi ba ko sau ɗaya, ranka ya daɗe. A da na rubuta abin da aka faɗa mini, yanzu na rubuta abin da na gani." Sannan na buɗe jakar da na zo da ita na jera kwalaye biyar a gabansa.

Ya ɗauki ɗaya ya juya. Ɗaurin ledar nasa ne, da hannunsa ya yi. Ni kuwa har na fara tunanin inda zan nemi aikin koyarwa. Can sai ya tambaya ko na'urar ta yi kuskure a kan geron mutumin. Na ce a'a, Alhaji ma ya tabbatar daidai ta faɗa. Ya gyaɗa kai ya ce to alhamdu lillahi, ashe ba ƙirar ce ta ɓace ba, hannun da aka ba ne. Shi da kansa ya fara cewa a karɓi rahoton, kuma ya roƙi shugaban kwamiti a sa ni cikin aikin tun daga farko a zagaye na gaba. Takardar tabbatar da aikina ta fito kafin damina.

A kakar da ta biyo baya an kai na'urorin ga manoma a ƙauyuka biyu, ɗaya na su Malam Tukur. Ba zan yi iƙirarin cewa kowa ya rungume ta ba. Amma na ga Malam Tukur ya sauke kaya a rumfar Alhaji, ya bugi buhu ya ce wannan ya auna da kansa. Alhaji ya ce madalla, ya zura hannu ya ciza duk da haka, suka ci gaba da gaisawa.

Abin da na koya shi ne mutanenmu ba ƙin sabon abu suke yi ba, suna duba abin da zai yi wa zumuncinsu ne kafin abin da zai yi wa kayansu. Kuma mai ladabi zai iya cika maka takarda da madalla ka tafi hannu wofi. Wannan aikin namu ne mu gano, kuma ba a gano shi a tsaye.

Dakta Sa'adu da Injiniya Kabiru suna nan, haka wasu da suka zauna a kwamitin. Ba na tantama a kan kwalaye biyar ɗin, amma yawan na'urorin da aka raba da jerin maganganun da aka yi ranar, zan iya kuskure. Duk wanda ya tuna ba haka aka yi ba, don Allah ya aiko mini ofis in gyara.