Oga Albert Da Sunaye Arba'in Da Uku

Kafin manaja, kafin kowa a masaƙarmu ta Kakuri, ni Yakubu masinja na fara ganin abin da hannun Albert Dung yake iyawa. Ni nake share ɗakin kwamfuta. Ƙarfe bakwai zai iso daga Barnawa a kan kekensa, ya wanke hannu, ya kwafe aikin jiya a wani faifai, sannan ya taɓa komai. Ban taɓa zama a aji ba, amma na je yaƙin Bama na dawo da ƙafafuna biyu, na san gwani in na gan shi.

A shekarar tamanin da bakwai aka ce za a rage ma'aikata: duk wanda sunansa ba ya cikin na'ura ranar Juma'a, ba namu ba ne. Ashe an tsallake mutum arba'in da uku na sashen rini, kuma a tsakiyar jeri gurbinsu yake. Wani ƙwararre da aka ɗauko daga Ikko ya gwada cusa su. Takarda ta fito da sunan mutum ɗaya, Benson, Benson, Benson har ƙasa, ya haɗiye mutum ɗari. Sunana, da yake na ƙarshe, ya ɓace ɗungurungum.

Albert bai ɗaga murya ba. Ya ɗauko faifan jiya, ya ƙirga haruffan sababbin sunayen ɗaya bayan ɗaya, don kowane harafi da gurbinsa a ƙwaƙwalwar na'ura. Na tambaye shi ko mun mutu. Ya ce in tuna bencin coci in baƙi sun zo.

"Baba, wa yake fara matsawa?"

"Na bakin benci."

"To, shi na Ikko daga tsakiya ya fara tura su, kowa ya zauna a kan cinyar ɗan'uwansa. Bai kuma auna bencin ba, shi ya sa kuka faɗo."

Sai ya nemi wuri mai faɗi, ya fara kwashewa daga wutsiya, ni ne farkon wanda ya matsar. Da fili ya buɗe a tsakiya, ya zuba masu rini daidai, ko harafi ɗaya bai hau wani ba. Ya bi ya duba farko da ƙarshe sau biyu. Na ga an ɗaga mutum dubu an ajiye ba a taka ƙafar kowa ba.

Kai ne mai auna wuri kafin ka kira baƙo, Albert. Ka ajiye aiki watan nan, manaja ko lemo bai saya ba. Mu mun gode, Allah ya saka. Masu tasowa, ku koyi awo kafin gaggawa.

Wanda ya ce tsoho na ƙari, ya zo sashen rini ranar Litinin ya maimaita a gaban mutum arba'in da uku. Ya sa farar riga in ya isa.