Ranar da Jiniya Ta Kasa Buɗe Mana Hanya

Ko me zan manta a rayuwata, ban da ranar da aka ɗauki mahaifinmu a motar asibiti zuwa Kano. Shekaru sun ja, amma abin yana nan daram a raina.

Kakar tumatir ce, zafi ya fara shigowa. Baba manomin rani ne, gonarsa tana bakin kanal, wato hanyar ruwan noman rani, ta wajen Kadawa, ni kuma ina aure a wani ƙauye kusa da su. A shekarar tsutsa ta addabi tumatir, manoma suka duƙufa da feshi ba ji ba gani. Baba mutum ne da ba ya bari a yi masa aikin da hannunsa zai iya. Tun da hantsi ya goya tankin feshi, ba takunkumi a hanci, ashe kuma murfin tankin yana yoyo, maganin yana bin bayansa yana jiƙa masa riga. Wajen azahar maƙwabtan gonarsa suka tsince shi kwance tsakanin kunyoyi, yana amai, yawu yana dalala.

Da aka aiko mini, a ƙaramin asibitin yankinmu na same shi. Kafin a kai shi har an ɗura masa manja da madara, wai su karya dafin. Ma'aikaciyar jinyar da ke wurin ta yi faɗa sosai a kan haka. Ta sa aka tuɓe masa rigar aka wanke jikinsa, ta yi masa allura, ta ɗaura masa ƙarin ruwa. Sannan ta ja ni gefe.

"Numfashin nan nasa bai yi mini ba," in ji ta. "Kano za mu tafi yanzu-yanzu. Wa zai bi mu?"

Yayana ya bi motar tumatir zuwa kudu, Inna kuwa ko miƙewa ta kasa yi. Na ce ni zan bi.

Muka ɗauki hanya, direba ya kunna jiniya. Ni a zatona shi ke nan, da zarar ta fara kuka titi zai dare mana har Kano. Da farko haka aka yi, masu babur suna kaucewa, wani Bafulatani ma ya tare shanunsa da sanda har muka wuce. Ina riƙe da hannun Baba, hannun ya yi sanyi ya jiƙe da gumi, ƙirjinsa yana wani irin gurnani.

Kafin mu kai Kura sai muka tarar da wata kasuwar tumatir ta bakin titi ta cika ta batse. Manyan motoci sun jeru ana lodi, 'yan dako suna kaiwa da komowa da kwanduna a ka, masu adaidaita sahu sun cusa kai ta kowace kafa. Muka tsaya cak. Jiniya tana ta kuka, ba wanda ya ko waiwayo.

Ban ga laifinsu duka ba. A lokacin jiniya ta zama abin wasa. Duk wanda ya ɗan samu muƙami sai ya saka ta a gaba, har samari suna ɗaura 'yar ƙarama a babur ranar ɗaurin aure. Kunnen mutane ya riga ya saba. Ta taga na ji wani yana cewa, "Ku rabu da shi, ƙila ma ba kowa a ciki, wucewa kawai yake so."

Ma'aikaciyar jinyar ta bubbuga gilashin da ke tsakaninmu da direba. "Malam, ka yi wani abu mana!"

"To ta ina zan bi, Malama? Ta sama?"

Na dubi Baba, leɓɓansa sun fara sauya launi. Ban san lokacin da na buɗe ƙofar baya na dira ba. Na shiga tsakanin motoci ina ɗaga hannu ina roƙo, amma ga jiniya ga hayaniyar ciniki, ni kaina ba na jin muryata. Sai na ji an yi magana daga samana. Direban wata gingimari ce da ke gefenmu, wani ƙaton mutum da tawul a wuya, ya leƙo ta tagarsa.

"Baiwar Allah, lafiya?"

"Babana ne! Maganin feshi ne ya buge shi!"

Ya sauko ya leƙa cikin motar, ya yi salati. Sai ya ce wa direbanmu, "Kashe jiniyar nan tukuna." Ya koma motarsa ya danna hon ɗinsa, irin mai aiki da iska ɗin nan da ake ji har cikin ƙirji. Bai saki ba sai da duk kasuwar ta yi tsit, kowa ya juyo a fusace yana neman wanda zai zaga. Shi kuwa ya haye saman motar ya buɗe murya.

"Jama'a, manomi ne a ciki! Feshi ya je yi magani ya kama shi! Ɗan'uwanku ne zai mutu a gabanku!"

Ban taɓa ganin taro ya juya haka ba. Duk wanda ke wurin ko ya taɓa goya tankin feshi, ko yana da wanda ke goyawa a gida. 'Yan dako suka sauke kaya, suka cicciɓi wata adaidaita sahu da mai ita a ciki suka ajiye gefe. Wasu suka tura wata mota da ta ƙi tashi. Wanda ya ce ba kowa a ciki, da idona na gan shi yana ba da hannu.

Kafa ɗaya ce ta buɗe, ta gefen titi, kuma a nan wani dattijo ya jera kwandunan tumatirinsa. Ya kama ɗaya yana ja, nauyi ya hana shi. Sai ya saki ya matsa baya.

"Taka, direba!"

Direbanmu ya leƙo yana duban kwandunan.

"Na ce ka taka! Tumatir ne, gobe ma a tsinko wani. 'Yata, shiga mota."

Na shiga. Ina jin kwanduna suna kakkaryewa a ƙarƙashin tayoyi har muka hau kwalta. Direba ya sake kunna jiniya, muka ratsa Kura, ba mu ƙara tsayawa ba sai ƙofar asibiti a Kano.

Likitan da ya karɓe mu ya ce da mun ƙara jinkiri kaɗan da labarin ya sha bamban. Baba ya jima a kwance, ya fito da rawar hannu wadda ta daɗe ba ta sake shi ba, amma ya tashi, har ya koma gona. Da ya samu ƙarfi ya matsa sai na raka shi kasuwar nan ya yi godiya. Muka je muka yi ta tambaya. Kowa ya san labarin, amma direban gingimarin ba ɗan yankin ba ne, dattijon kuma ba wanda ya iya nuna mana ƙauyensu. A nan bakin titi Baba ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a, waɗanda ke kusa suka shafa.

Abin da na koya shi ne, jiniya ba ta ture ko kwando ɗaya daga kan hanya. Mutane ne suke buɗe hanya, kuma sai sun yarda cewa da gaske ne. Duk mai kunna ta don burga, wannan yardar yake ɓarnatarwa, kuma marar lafiyar da bai ji ba bai gani ba shi ne zai ɗanɗana kuɗarsa. Saboda haka in ka ji ta a bayanka, kada ka tsaya tantance ko akwai mutum a ciki. Kauce kawai. In babu kowa, ba ka rasa komai ba. In kuwa akwai, to uban wani ne.