Wa'adin Kamfani da Wa'adin Yaya Hamisu

Shekara huɗu ke nan cif da muka kai Yaya Hamisu makwancinsa. Kamfanin da ya yi wa bauta shekara goma sha tara kuwa, wanda ya riga shi kwanciya jinya, har yau bai mutu ba, bai kuma tashi ba. A watan jiya aka sake ƙara masa wa'adi.

Yaya Hamisu wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne babban makanikin wani kamfanin matsar man gyaɗa da riɗi a bayan garin Dutse. Ba zan kama suna ba, manoman Buji da Ringim da suka yi ta kai masa kaya sun san shi. Da bashi ya yi wa kamfanin katutu, kotu ta naɗa wani akanta ya yi riƙon ƙwarya, ta ɗibar masa shekara guda: ko ya farfaɗo da shi, ko ya sayar a sallami masu haƙƙi, ciki har da ma'aikata.

Shekara ta cika ba a yi ko ɗaya ba, sai mai riƙo ya koma kotu aka ƙara masa wata shida. Ranar, Yaya har tsire ya sayo wa yara. A fahimtarsa, maras lafiyar da ake sa ran tashinsa shi ake ƙara wa magani. Duk Laraba da Asabar yakan hau tsohon babur ɗinsa da gwangwanin giris, ya roƙi mai gadi ya buɗe masa, ya bi injinan ɗaya bayan ɗaya yana shafa musu, ba mai biyansa ko sisi. Na taɓa tsokanarsa da cewa jiran gawon shanu yake yi. Sai ya ce, "Kai malamin makaranta ne, alli ka sani. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, balle mu da aka haifa a Dutse."

Wata biyu da wannan ƙarin, hawan jini ya kayar da shi. Masu zuwa ta'aziyya kowa maganarsa ɗaya: "Sai haƙuri, wa'adi ne ya cika." Gaskiya suka faɗa. Amma tun daga lokacin kalmar nan take yi mini ɗaci a baki, domin shi nasa wa'adin babu lauyan da zai tashi ya nema masa ƙari.

Laifina ya zo bayan nan, kuma yau zan faɗe shi. Sati biyu da rasuwar, Malam Ado mai gadi ya same ni ya ce an manna takarda da Turanci a ƙofar kamfani, cewa duk mai haƙƙi ya kawo shaidarsa cikin wata biyu. Takardun Yaya suna cikin akwatin matarsa, Yaya Binta, ita kuma tana takaba. Da wane ido zan shiga in ce ta buɗe akwati, ƙasar kabarin mijinta ba ta bushe ba? Gari zai ɗauka cewa ƙanen mamaci ya fara zawarcin gado. Na ce a bari ta fita tukuna. A zuciyata na ɗauka wanda ya saba roƙon a ƙara masa lokaci ba zai hana wani ba.

Da ta cika wata huɗu da kwana goma, na kai ta ofishin mai riƙo. Wani matashin lauya ya duba takardun ya turo mana su. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wa'adi ya wuce."

Ta ce, "Ɗana, takaba nake yi. Allah ne ya yanka ta, ba ni da ikon ragewa."

Ya ce dokar ba ta ambaci takaba ba, sai dai mu je kotu mu nemi izini. A cikin satin nan ɗin dai aka ƙara wa ubangidansa wata shida. Mun je kotun, mun ɗauki lauya da kuɗin tumakinta biyu, kuma roƙon namu yana nan ana ɗage shi. Kunyar mara kunya asara ce, ni kuwa na ji kunyar da ta jawo wa marayu biyar asara.

Ina yawan tambayar kaina abin da Yaya zai ce da ya ga yau. Ba na jayayya da cewa doka ta yarda a ƙara lokaci in akwai dalili, don kada a yi wa kamfani gwanjon gaggawa. Amma ƙwaryar da aka ce a riƙe, in riƙon ya kai shekara biyar, ai ta zama ta mai riƙo. Shi yana karɓar ladan aikinsa duk wata. Yaya Binta kuwa tana soya ƙuli-ƙuli da gyaɗar da take saye a mudu, matar mutumin da injinansa suka matse buhu dubbai. Da can ana cewa rana ba ta ƙarya. A wannan shari'a na ga ranar da ta yi ƙarya sau shida, kuma ba wanda ya ji kunya.

Me ya saura na Yaya Hamisu? Lauyanmu ya nuna mini takardar neman ƙarin watan jiya. Babban dalilin da mai riƙo ya bayar shi ne, injinan kamfanin har yanzu lafiyarsu ƙalau, ba su yi tsatsa ba, don haka akwai fatan samun mai saye. Ba a rubuta sunan wanda ya shafa musu giris ba.

Na karanta wa Yaya Binta wannan layin ina fassara mata. Ta juya ƙuli-ƙulin da ke cikin kasko. Sannan ta ce, "Ashe har yanzu yana yi musu aiki."

Allah ya jiƙan Yaya, ya biya shi a inda ba a ɗage zama.