Ni a Cikin Jirgi, 'Yata a Cikin Ruwa

Shekara ashirin da wani abu ke nan ina aikin ungozoma a London. Na ga jini, na ga mace ta kai bakin mutuwa ta dawo. Amma in aka tambaye ni ranar da tsoro ya fi kama ni, ba asibiti nake tunawa ba. Wata Asabar ce a kan wani tafki, kuma har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba.

'Yata ta fari a nan aka haife ta, a Tottenham ta girma. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take ba ni amsa. Ni kuwa, kamar yadda na ga iyayena suna yi a Zariya, ban taɓa kiran sunanta ba. "Ke" nake ce mata, ko in ce wa ƙannenta su kira mini yayarsu. Da ta shiga jami'a a Bloomsbury sai ta haɗu da wasu ɗalibai masu tuƙa ƙananan jiragen ruwa, irin waɗanda ba su da inji, wani babban ƙyalle ake ɗagawa iska ta tura su. Shekara biyu muna rigima a kai. Ni a ganina shirme ne da ganganci, babanta kuma ya ce in ƙyale ta. Ranar nan ta zo ta ce ta kama mana hayar jirgi, ni da ita kaɗai, in je in gani da idona, in ban yarda ba, to za ta daina. Wannan alkawarin ne ya sa na bi ta.

Mun yi kusan awa biyar a mota zuwa arewacin Ingila. Da muka isa sai ga tafkin. Duwatsu ne kewaye da shi, kuma ƙarshensa ba ya ganuwa. Jirgin bai fi tsawon gado biyu ba. Ta sa mini rigar da ke hana nitsewa a kan hijabina, ta ja maɗaurin har sai da na yi mata faɗa. Sannan ta tsaya tana yi mini bayani: ga sandar tuƙi a baya, ga igiyar da ke jan ƙyallen, ga kuma doguwar sandar ƙarfe da ke ƙasan ƙyallen, wadda ke juyawa daga wannan gefe zuwa wancan. Gaskiya ban saurara ba. Ina amsa saƙon wata abokiyar aikina a waya, ina ce mata to, to. A raina ina cewa yarinyar da na yi wa wanka ce yau take karanta mini doka.

Tafiyar zuwa ta yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Ruwan na ƙara a jikin jirgin a hankali, ita kuma tana zaune tana tuƙi cikin natsuwar da ban san tana da ita ba. Muka sauka a wani ɗan tsibiri, na shimfiɗa zani, na buɗe dambun naman da na taho da shi da shayi a filas. Bayan mun yi azahar sai ta riƙa ɗaga kai tana duban sama. Ta ce mu tashi, an ce iska za ta ƙaru da yamma, ga gajimare can ya fara taruwa a kan duwatsu. Na ce ta bari in sha shayina, ban yi tafiyar awa biyar don a riƙa kora ta ba. Ta sake faɗa, na harare ta, ta ƙyale ni. Mun ƙara kusan minti arba'in a wurin. Har yau in na tuna wannan hararar sai in ji kunyar kaina.

Muna barin inuwar tsibirin na gane tafkin ya canza. Ruwan ya yi baƙi, yana tasowa da farar kumfa a kai. Jirgin ya karkace har na ga ruwa dab da gwiwata. Sauran jiragen da muka gani da safe duk sun koma. Ta ce in matso gefenta in sunkuya sosai. Na matso, amma gefen hijabina ya sarƙe a wani ƙarfe, na ɗago ina ƙoƙarin cire shi. Ta miƙa mini igiyar ta ce in riƙe, ta yunƙura za ta taimake ni. A daidai lokacin iska ta juyo ta wani gefen. Na ji wani ƙara kamar an bugi kwano, sandar ƙarfen ta wuce ta saman kaina, na waiga, babu kowa a bayan jirgin.

Ban san yadda zan kwatanta wannan ba. Wurin da take zaune babu komai sai takalminta ɗaya. Jirgin kuma bai tsaya ba, gudu yake yi, don na ƙanƙame igiyar da hannu biyu kamar ita ce raina. Can na hango jan launin rigarta ta hana nitsewa a baya, igiyar ruwa na ɗaga ta tana ɓoye ta. Fuskarta a ruwa take ko a sama, ban iya gani ba. Ban iya iyo ba. Ban san yadda ake tsayar da jirgi ba. Kuma duk numfashin da na ja, tazarar da ke tsakaninmu ƙaruwa take yi.

Sai na ji ana ƙwala kiran sunanta, sau uku ko huɗu, da wata murya mai ban tsoro. Sai daga baya na gane muryata ce.

Hannu ya ɗago daga ruwan. Sannan na ji ta, can nesa, iska na yanka maganar, kuma da Hausa: "Mama, saki igiya. Saki komai."

Wallahi hannuna ya ƙi buɗewa. Hankalina yana ce mini in na saki jirgin zai kife, in mutu in bar ta. Na rufe ido, na yi bismilla, na buɗe yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Igiyar ta fizge ta ƙona mini tafin hannu. Ƙyallen ya shiga kaɗawa da ƙarfi kamar zai yage, sandar na kai da komo a saman kaina, amma jirgin ya juya ya fuskanci iska, ya rage gudu, ya tsaya yana tangaɗi.

Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka tana iyo ba. Ta ce bai fi minti shida ba, ni kuwa na karanta duk addu'ar da na sani har na sake daga farko. Sau biyu tana tsayawa, kanta ya kwanta a kan rigar, sai in sake kiranta. Da ta iso ba ta da ƙarfin hawa. Leɓunanta sun yi shuɗi, jini na gangarowa daga gefen goshinta. Ta ce in ja ta ta baya, ba ta gefe ba, kada mu kife. Na durƙusa na cusa hannu a kafaɗun rigarta na ja. Ban san daga ina ƙarfin ya zo ba. Muka zube tare a cikin ruwan da ya taru a ƙasan jirgin.

A nan aikina ya dawo mini. Na cire ɗankwalin da ke ƙarƙashin hijabina na danne ciwon, na duba idanunta, na tambaye ta ranar da muke da wurin da muke. Ta amsa daidai, haƙoranta na haɗuwa. Sannan ta ce, "Ashe kin san sunana." Ban iya dariya ba, ban iya kuka ba. Na ce ta yi mini shiru ta riƙe ɗankwalin.

Saura komawa. Wayata ta jiƙe ta mutu, tata ta tafi a ruwa. Kanta na juyawa, ba ta iya zama a miƙe. Daga kwance ta nuna mini yadda zan rage ƙyallen, sannan ta ce ni zan tuƙa. Na kama sandar tuƙin. In ta ce tura, in tura. In ta ce ja kaɗan, in ja kaɗan, ba tambaya, ba musu. Kowace igiyar ruwa da ta doki jirgin sai in ce wannan ce za ta kifar da mu. Ba mu nufi inda muka taso ba, gaɓar da ta fi kusa muka nufa, har na ji cikin jirgin ya gogi tsakuwa. Wani dattijon Bature da ke yawo da karensa ya shigo ruwa har gwiwa ya ja mu, ya lulluɓe ta da rigarsa, ya kira motar asibiti.

Ɗinki biyar aka yi mata, aka riƙe ta zuwa washegari. Da na kira babanta ban ɓoye komai ba. Na ce masa yarinyar ta faɗa mini mu tashi, har sau biyu, ni na ƙi. Ya ce mu gode wa Allah. Ita kuwa ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, ko da wasa, kuma wannan ya fi yi mini nauyi a kan a ce ta yi faɗa.

Da muka dawo London ban ce ta daina ba, ita ma ba ta tambaye ni hukuncina ba. Tabon na nan a goshinta, tana rufe shi da ɗankwali. Ni kuma na shiga koyon iyo a wurin iyo na ƙaramar hukumarmu, ranar mata zalla, ina da shekara hamsin da ɗoriya. Na daɗe ina ganin haihuwar mutum ta ba ni ikon fin shi sanin komai. A kan wannan tafkin na gane akwai wuraren da 'yata ce babba, ni ce ƙarama, kuma girman kaina ya kusa sa in dawo gida ni kaɗai a mota. Tun daga ranar, in ɗaya daga cikin 'ya'yana ya ce, "Mama, tsaya ki ji," ina ajiye abin da ke hannuna in tsaya in ji.