Tsohuwar Hawandawaki da ba a taɓa haifa ba

Shekarun baya, tun tumbina bai fara riga ni shiga ɗaki ba, ina da wata 'yar rumfa kusa da tasha a Tasawa. Aikina cajin salula da tura wa mutane waƙoƙi a memwar, wato ɗan katin ajiya na waya. Aikina na biyu, wanda ba a biyana, kwaikwayon murya. In na ji mutum ya yi magana sau ɗaya, to muryarsa ta zama tawa. Na taɓa kiran wani maƙwabcina da muryar surukinsa, ya durƙusa a tsakiyar titi yana gaida waya.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona. Tun muna yara ba mu gaisawa sai da tsiya, in ce masa bawana, ya ce mini bawansa. Ya tafi karatu Yamai, bai dawo da takardar kammalawa ba, ya dawo da gita da wani irin kiɗa da Turawa ke kira metal. In ba ku taɓa jinsa ba, ku ɗauka an zuba kwanonin gidan biki duka cikin injin niƙa, sannan aka sa ƙato yana ihu a kai kamar kunama ta harbe shi. Su uku ne, shi da mai ganguna da mai babbar gita, suna gwaji a bayan wani shagon walda. Da farko unguwa ta ce aljanu ne. Daga baya samarin gari suka kamu, ni ma na kamu fiye da kowa. Babu memwar da za ta bar rumfata ba waƙarsu ciki. Wani dattijo ya zo neman wa'azi, na ƙara masa guda ɗaya kyauta, ya dawo mini da sanda.

Sai wata shekara taubashina ya rataye gita. Ya samo tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, ya riƙa yawo ƙauyuka da 'yar na'ura yana ɗaukar ƙarar guga a rijiya, da ƙarar taɓarya a turmi, da kukan amalanke. Ya kulle kansa a ɗaki wata da watanni yana haɗa su da wasu sautuka na inji. Da ya gama ya kawo mini a memwar, waƙa takwas, babu gita ko ɗaya.

Na saka a bafal, wato lasifika. Wani siririn sauti ya taso kamar sauro ya faɗa kwalba, can ƙasa kuma ana dum, dum. Minti biyu na jure, mai karɓar salula ya zo, na kashe. Iyakar saurarena ke nan.

Abokansa ma ba su so abin ba. Mai ganguna ya ce shi dai bai taɓa jin an sallami mutum daga aiki an ɗauki turmi ba. Rigima ta yi tsawo, har suka yanke cewa za a kai rediyon gari, a shirin Asabar bayan la'asar, inda masu sauraro ke buga waya su faɗi ra'ayinsu. In jama'a ta karɓa, su bi shi. Taubashina ya ce in ba ta karɓa ba, ya bar kiɗa gaba ɗaya, don shi ba ya komawa baya. Da kunnena na ji. Na ɗauka cika baki ne, saboda ni haka nake magana tun safe har dare.

Ranar Asabar mai gabatar da shirin ya sa waƙa biyu, ya buɗe layi. Wani direba ya kira daga hanyar Mayahi ya ce abin ya yi masa, ya hana shi gyangyaɗi. Wani ya kira yana tambaya ko rediyon ce ta lalace. Wata malamar lakwal, wato makarantar boko, ta ce sabon abu ne, a ba kunne lokaci ya saba. Wani saurayi ya ce a dawo musu da gitarsu kawai. Ra'ayi ya rabu biyu, babu wanda ya rinjaya.

Ni kuma ina zaune a rumfa, ga salular mutane jere a gabana suna shan wuta, kowace da lambarta daban. Shaiɗan ya zo ya zauna gefena a benci, ban ce masa ya matsa ba.

Na ɗauki ta farko, na kira da muryar babban ma'aikaci mai ƙaton wuya. "Bon, franchement, wannan ba kiɗa ba ne, c'est un problème technique." Na ɗauki ta biyu, na zama makiyayi, na ce shanuna sun watse tun waƙar farko, har yanzu ina neman uku. Mai shirin yana ta dariya, kaina ya ƙara girma. Na ɗauki ta uku, na matse maƙogwaro, na zama tsohuwa.

"Salamu alaikum, ɗana. Daga Hawandawaki ni ke kira. Wanga abu da kuka sa, mi ne ne shi? Kajina sun bar gida, akuyata ta ƙi ba da nono. Na ji kamar daka a ciki. To ka gaya ma yaron nan, mu da muka tsufa bisa turmi ba abin wasa ba ne. Ya bar yi ma iyayenshi ba'a."

Wallahi ban shirya wannan ta ƙarshen ba, muryar ce ta ja ni. Daga nan layi ya juya. Duk wanda ya kira sai ya ce gaskiyar tsohuwa. Kafin sati ya zagayo, in taubashina ya gitta, 'yan kabu-kabu na tambayarsa ko akuya ta fara ba da nono.

Niyyata in gaya masa washegari mu yi dariya, ya rama, a wuce wurin. Ya zo rumfa da hantsi, ya zauna, bai ce mini bawana ba.

"Ka ji rediyo?"

"Na ji."

"Mai Faransancin bai dame ni ba, irinsu ko ruwan sama sai sun kushe shi. Tsohuwar nan ce." Ya ƙara da cewa, "Ta ce na yi ma iyayena ba'a."

Na juya ina gyara wayoyin caji. Na ce a raina sai gobe, in ya huce. Goben nan ta ci shekaru.

Ƙungiyar ta watse. Taubashina ya koma Mayahi ya buɗe shagon walda, ya yi aure, ya zama mutum mai yawan shiru. Memwar da ya ba ni kuwa, wata rana wani ya zo yana son bidiyon kokowa, ba ni da wata a hannu, na share ta na cika masa. Damina biyu bayan haka gwaggo ta rasu.

Ban faɗa masa ba sai da na je sunan 'yarsa ta uku. Washegarin suna muna zaune ƙofar shago da safe, ana dafa shayi, na ce, "Bawana, ina da laifi wurinka, kuma ya tsufa." Na kwashe komai na gaya masa, har da makiyayin.

Ya ajiye kofi. "Yi muryar in ji."

Na yi. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, hawaye na zuba. Ni ma na fara dariya, ina jin kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Sai ya share ido ya ce, "Ka san sau biyu na tafi Hawandawaki nemanta? Bisa babur, cikin yashin nan. Gida gida ina tambayar tsohuwar da ta kira rediyo. Ina so in kunna mata ta takwas, in ta ji ta sake cewa ba'a ce, in yarda."

"Mi ke cikin ta takwas?"

Ya dube ni da mamaki, sannan ya gane ban taɓa saurara ba. "Inna ce. Tana daka tana waƙarta ta daka, ba ta san ina ɗauka ba. Na sa kiɗa ƙarƙashinta a hankali. Sauran bakwai ɗin hanya ce kawai zuwa gare ta. Da ban samu tsohuwar ba, kunya ta ishe ni, na share komi, na rabu da ordinatar." Ya ɗan matso. "Memwar da na ba ka kaɗai ta rage. Tana nan?"

Na gaya masa maganar kokowa. Da ya zage ni, da na ji sanyi. Ya ɗauki tabaransa na walda ya ce, "Sha shayinka kar ya huce."

Na je rediyon na tambaya. Waƙa biyu kawai taubashina ya ba su, su ma ɗin an daɗe da rasa su.

Ya yafe mini, ya faɗa da bakinsa a gaban matarsa. Abin da na gane, a makare, shi ne wasan taubasai da fuska ake yinsa. Ka tsokani mutum yana ganinka, ya san kai ne, ya rama. Ni na shiga bayan muryar wata na faɗi ra'ayi kan abin da ban saurara ba, gari ya ɗauka, shi ma ya ɗauka. Har yau ban san ko waƙoƙin nan masu daɗi ne ko marasa daɗi ba. Mai yiwuwa da na ji su duka ban so su ba, amma da na gaya masa haka da muryata, da ya ce kunnen jaki gare ni, ya ci gaba da aikinsa.

Bara na sake zuwa Mayahi. Zan tafi ya raka ni bakin hanya, muna jiran mota, sai ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Kai da ke kwaikwayon kowa, yi mani ta Inna. Ko kalma biyu."

Matar nan ta goya ni, na ci tuwonta ya fi a ƙirga. Na gyara murya, na buɗe baki. Tsohuwar Hawandawaki ce ta fito. Na sake gwadawa, ita ce dai. Mota ta zo, ya buɗe mini ƙofa, ya ce in gaida gida.