Taliyar Musawwa

A gidanmu na unguwar Sultana, idan sanyi ya shigo Madina, kakata Hajiya Ladi takan sa a hau mata da kaskon gawayi saman bene bayan magariba. Ta ɗora tukunya, mu jikoki mu kewaye ta. Taliya take dafa mana, ba ta yarda a karya ta, kuma da sauran ƙarfinta take saukewa. Mu kuwa mu yi ta mita da Larabci wai ba ta dahu ba.

"Ku da haƙoranku sababbi fil," in ji ta. "Ku matso, ga wata nan ta taso daga bakin teku."

Kullum labarin guda ne. Wasu 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, sun taho aikin hajji a ƙasa tare da iyayensu, har suka iso Musawwa, inda ake jiran jirgin ruwa. Yayar ta samu aiki a gidan wasu Turawan Italiya, mutanen da taliya ce tuwonsu, dare da rana. Ranar farko da aka ba ta ta dafa, sai ta bar ta ta yi luguf, ta samo muciya ta tuƙe ta, ta malmala. Matar gidan ta yi dariya har da hawaye, sannan ta koya mata: ruwa mai yawa, gishiri, a sauke da wuri. Da yamma yayar takan ƙunso wa ƙanwar abin da ya rage.

Da jirgi ya samu, wuri bai ishe su duka ba. Yayar ta ce su je, za ta biyo na gaba.

"Sitti, to ta zo?" na taɓa tambayarta, da sunan da muke kiran kaka da Larabci.

"Tana hanya, 'yar nan. Ci abincinki."

A lokacin na ɗauka darasin bai wuce tambaya kafin ɗora tukunya ba. Sai bayan rasuwarta ummata ta faɗa mini cewa ƙanwar nan ita ce kakata, kuma duk alhajin da ta ji ya biyo ta Musawwa sai ta tare shi a bakin Harami da cigiya. Ashe mu take faɗa wa don kada jiran ya mutu da ita. Ina kewarta, ina kuma jin kunyar mitar da muka yi.

Bara na yi niyyar ci gaba da cigiyar, na tambayi ummata sunan yayar. Ta daɗe tana tunani, sannan ta ce ita ma "Yaya" kawai ta ji kakata tana cewa.